Kurmi ɗaya, gwamnati biyu: wahalar tsare dajin iyakar Najeriya da Kamaru

Ranar 19 ga Afrilun 2024 ministan muhalli na Najeriya, Balarabe Abbas Lawal, da ministan gandun daji da namun dawa na Kamaru, Jules Doret Ndongo, suka rattaba hannu a Abuja a kan yarjejeniyar haɗa kai wajen kula da dazuzzukan da suka ratsa iyakar ƙasashen biyu. An yi shekaru ana kai gwauro ana kai mari kafin a kai ga wannan rana. Iyakar doguwa ce, kusan kilomita 2,000 daga Tafkin Chadi zuwa bakin teku, kuma a wurare uku ne gandun dajin wannan ƙasa ke fuskantar na waccan. A can arewa akwai gandun yankin Tafkin Chadi da ke Borno da kuma Waza ta Kamaru. A tsakiya akwai Gashaka Gumti da Faro. Sai kudu, inda gandun Kuros Riba ya jingina da Korup da Takamanda. Na kudun nan ya fi wuyar sha'ani, kuma a can ne za a gane ko takardar Abuja tana da rai.

Wanda ya saba da Yankari ko Falgore sai ya sake lissafi idan ana maganar wannan daji. Kurmi ne mai duhu, itatuwansa sun haɗe kai a sama har rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. A Korup ruwan sama yana wuce milimita 5,000 a shekara, wato ninki biyar ko fiye na abin da ke sauka a Kano. A wani fili mai hekta 50 da masana suka keɓe a can suna ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, sun tarar da iri kusan 500. Kamaru ta mai da Korup gandun daji na ƙasa a 1986, faɗinsa murabba'in kilomita 1,260. Najeriya ta kafa na Kuros Riba a 1991, kuma kashi biyu ne waɗanda ba su haɗe ba: Oban a kudu, mai kusan murabba'in kilomita 3,000, wanda ke maƙwabtaka da Korup, da Okwangwo a arewa, mai kusan 1,000, wanda ke manne da Takamanda. Ita Takamanda sai a 2008 aka ɗaga ta zuwa gandun ƙasa. A taswira suna huɗu ne. A ƙasa kuwa kurmi ne guda, wanda giwa da ɓauna da birai ke ratsawa ba tare da sanin inda Najeriya ta ƙare ba.

Dabbar da ta fi jawo hankalin duniya zuwa wurin ita ce goggon birin Kuros Riba. Wani masanin Jamus, Paul Matschie, shi ya fara bayyana shi a 1904, daga baya aka daɗe ba a jin ɗuriyarsa har wasu suka ɗauka ya ƙare a Najeriya, sai a shekarun 1980 aka tabbatar yana nan. Yau ƙiyasin da ake yi bai kai 300 ba a duniya baki ɗaya, kuma ba a wuri ɗaya suke ba. Sun warwatsu a kan duwatsu masu wuyar hawa, wajen wuri 11, wasu a Afi da Mbe da Okwangwo a Najeriya, wasu a Takamanda da Kagwene da dazuzzukan kusa a Kamaru. Macen takan yi shekara huɗu kafin ta sake haihuwa. Garken da bai wuce 20 ko 30 ba, idan aka datse masa hanyar zuwa wurin wani garken, to zai yi ta haihuwa a tsakanin dangi har jininsa ya raunana. Saboda haka sirarin dajin da ke haɗa wannan dutse da wancan, wanda sau da yawa ba ya cikin kowane gandu, yana da muhimmanci kamar gandun kansa. Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi ta kan iyaka suka bi. Najeriya ita kaɗai ba za ta iya riƙe wannan dabba ba, haka ma Kamaru.

Ita kanta iyakar ba tsohuwa ba ce. Ingila da Jamus ne suka shata ta, suka kammala a 1913. Bayan yaƙin duniya na farko Ingila ta karɓi wannan ɓangare na Kamaru ta haɗa mulkinsa da Najeriya, don haka lokacin da aka fara keɓe Takamanda da Korup a shekarun 1930, hukumar Turawa guda ce ke kula da su da dazuzzukan Oban. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta sake raba su. A wannan ƙuri'ar ce mutanen arewacin yankin suka zaɓi Najeriya har aka sami Lardin Sardauna, na kudu kuma suka zaɓi Kamaru. Daga nan sai rigimar Bakassi, wadda ta sa sojojin ƙasashen biyu suka yi ta hararar juna har Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002, aka yi yarjejeniyar Greentree a 2006, aka miƙa wa Kamaru yankin a Agustan 2008. A duk tsawon waɗannan shekaru, jami'in daji na Najeriya da ya tsallaka ya gana da takwaransa na Kamaru yana iya jawo wa kansa tambayoyin jami'an tsaro.

Mutanen wurin kuwa ba su taɓa rabuwa ba. 'Yan ƙabilar Ejagham suna nan suna can. Boki da Anyang da Becheve suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, suna zuwa jana'izar juna. Ƙungiyar dattawa ta gargajiya da ake kira Ekpe ko Mgbe, wadda idan ta kafa doka a ƙauye ba mai ƙetare ta, tana aiki a ɓangarorin biyu tun kafin a san sunan Najeriya. Gwamnatoci ne na ƙarshe da suka fara maganar haɗa kai a kan wannan daji. Dabbobi da dangi da 'yan kasuwa sun riga su da nisa.

'Yan kasuwar nan su ne ya kamata a tsaya a kansu, domin abin da ke fita daga kurmin shi ke bayyana abin da ke cinsa. Garin Ikom ne matattara. Nan ake tara ƙwallon mangwaron daji da ake kira ogbono, da ganyen afang wanda 'yan Kamaru ke cewa eru, da namijin goro, da itacen asuwaki, da naman daji busasshe. Akwai kuma wani kaya da ya shafi arewa kai tsaye: wani ɗan itace mai tauri da ke tsiro a ƙarƙashin manyan bishiyoyi, wanda ake sarewa a ɗaure dami-dami a kai arewa don yin sandar kiwo. Masu bincike da suka bi sawun cinikinsa a Takamanda sun tarar fataken Hausawa ne ke sayensa su haura da shi, har mutanen yankin suna kiransa sandar Hausa. Wata sandar da ke kafaɗar makiyayi a Bauci ko Katsina, ba mamaki daga dajin goggon biri ta fito.

Yawancin wannan kaya daga gabas yake tafiya yamma, daga Kamaru zuwa Najeriya, saboda masu saye a Najeriya suke. Ƙauyukan Takamanda da yawa sun fi kusa da titin Najeriya a kan titin ƙasarsu. Katakon da aka yanka da inji a cikin daji, a ruwa ake sako shi, kogin ya kawo shi Ikom. Maharbi kan kafa tarkon waya a wancan ɓangare ya kwana a wannan. Idan masu gadi suka biyo shi, da ya tsallaka rafi shi ke nan, ba su da ikon bin sa, kuma ba wata kotu a ƙasarsa da za ta tuhume shi da laifin da ya yi a ƙasar wasu. Dokokin ma ba ɗaya ba ne. A Kamaru harkar daji tana hannun ma'aikata guda da ke Yawunde. A Najeriya gandun ƙasa na gwamnatin tarayya ne, amma ƙasa da sauran dazuzzuka suna hannun gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Ga misali a wuri ƙarami: Okwangwo na tarayya ne, Afi na jiha ne, Mbe na ƙauyuka ne, alhali goggon biri ɗaya na iya taka dukansu. Jami'in Kamaru da ke son a yi aiki tare sai ya fara tambaya, da wa zan yi magana?

A saman wannan ƙaramin ciniki akwai babba. Najeriya ta zama mashigar hauren giwa da ɓawon dankunya da ake kwasowa daga dazuzzukan tsakiyar Afirka a fitar ta tashar jiragen ruwan Legas zuwa Asiya. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren giwa da aka kama, a Abuja. Giwayen da suka rage a Najeriya ba za su iya ba da wannan adadi ba. Daga maƙwabta yake shigowa.

Amma a ganina ba bindiga ce babbar barazana ga kurmin ba a yanzu. Koko ne. Ikom da Etung da Boki ƙasar koko ce, haka ma Mamfe da kewayenta a Kamaru. A 2024 farashin tan ɗaya a kasuwar duniya ya haura dala 10,000, abin da ba a taɓa gani ba, ga kuma naira ta faɗi, don haka kuɗin da manomi ke karɓa a hannu ya ninka sau da dama. Saurayin da ya gama sakandare ba aiki, yana kallon daji a bayan gidansu, yana kallon abokinsa da ya sayi babur da kuɗin koko, wace lacca za a yi masa? Kuma gonar koko ba kamar farauta ba ce. Maharbi ya kashe gada ya tafi, daji na nan. Mai koko kuwa ya dasa bishiyar da za ta yi shekara 30 tana ba da 'ya'ya, ya kafa bukka, ya yi hanya, ɗansa ya gāda. Daga sama ma gonar tana iya kama da daji, domin ana barin wasu manyan itatuwa don inuwa, sai an shiga a ga ƙarƙashin ya zama fili. Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kokon da aka noma a dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020, ko da yake an ɗage fara aiki da ita. Dokar tana buƙatar a san gonar da kowane buhu ya fito. A yankin da buhu ke tsallaka iyaka a kan babur da dare ya wayi gari ɗan wata ƙasa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Nan ne maganar ci gaba mai ɗorewa ke shigowa, kuma tana da tarihin da mutanen yankin ba su manta ba, ko da masu taro a Abuja sun manta.

A ƙarshen shekarun 1980 wani sabon tunani ya mamaye ƙungiyoyin kare muhalli na duniya: kada a tsare daji da bindiga kawai, a haɗa da raya ƙauyukan da ke kewaye, mutane su bar farauta saboda sun sami abin da ya fi ta. Korup da Oban suna cikin wuraren farko da aka gwada wannan a Afirka. Ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta jagoranta, kuɗi suka zo daga Turai. Aka bi ƙauye-ƙauye ana bayani: za a yi hanyoyi, za a ba da rance, za a kawo ingantaccen iri, za a koya kiwo. Ƙauyukan da gandu ya zagaye kuma aka ce za a tashe su a gina musu sababbi a waje. A Korup, cikin ƙauyukan da aka yi wa wannan alkawari, guda ɗaya tak aka tasa, Ikondo Kondo, a shekarar 2000, kuma daga baya wasu mutanensa suka koma tsohon mazauninsu saboda abin da suka saba ci da sayarwa yana can. Sauran aka bar su cikin jira. An ce kada su faɗaɗa gona, kada su yi gini mai ɗorewa tunda tashi za su yi, shekaru suka yi ta wucewa ba tashi ba hanya. A Oban abin ya fi muni. Ana cikin shirye-shirye gwamnatin Abacha ta rataye ɗan gwagwarmayar Ogoni Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, Tarayyar Turai ta dakatar da taimako, aikin ya watse. Gandu ya tabbata da dokokinsa na hani, amma rabon da aka ce mutane za su samu bai zo ba.

Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan har yau yana kan masu kula da gandun. Dattijon da aka gaya wa a gaban jama'a cewa ya ba da dajin kakanninsa a musanya da hanya da asibiti, idan ya ga mai gadi ya ƙwace tarkon jikansa, ba ya ganin doka, bashi yake gani wanda ba a biya ba. Masanin birai John Oates, wanda ya daɗe yana aiki a yankin, ya soki wannan salo tun a lokacin. A ra'ayinsa an zuba kuɗi a kan masu ba da shawara da motoci da alkawuran raya karkara, aka bar ainihin gadin daji ba kuɗi, aka kuma koya wa mutane cewa daji abin ciniki ne wanda idan ba a biya ba sai a ci. Akwai gaskiya a maganarsa. Amma ban yarda cewa mafita ita ce a koma ga gadi zalla ba. Kuskuren shi ne an gabatar da hanya da makaranta a matsayin kuɗin sayen daji, alhali haƙƙin ɗan ƙasa ne ko da daji ko babu. Da aka ɗaura su a wuyan gandu, sai duk gazawar gwamnati ta zama laifin goggon biri.

Dubi ƙauyuka uku da ke tsakiyar Okwangwo, wato Okwangwo da Okwa ta ɗaya da Okwa ta biyu. Suna nan tun kafin a yi gandun. Jama'arsu na ƙaruwa, gonakinsu na faɗaɗa, kuma suna zaune ne daidai inda dajin ke haɗa garken goggon biri na arewa da na kudu. Abin da suka fi nema shi ne hanyar mota, domin mace mai naƙuda da ta sami matsala sai an ɗauke ta a kafaɗa a yi sa'o'i ana tafiya. Ba wanda zai ce wannan buƙata ba ta dace ba. Amma duk wanda ya san kurmi ya san hanyar da motar asibiti za ta shiga ita ce wadda motar katako za ta bi ta fito. Shekara fiye da 30 ke nan ba a tashe su ba, ba a yi musu hanya ba, ba a shata musu iyakar gona da kowa ya amince da ita ba. A Takamanda ma akwai irinsu, kamar Obonyi da Kekpane.

Wani lokaci kuma ita gwamnatin ce da kanta ke zama barazanar. A 2008 gwamna Liyel Imoke ya hana sare katako a faɗin jihar Kuros Riba, da fatan samun kuɗin da ƙasashen duniya ke cewa za su biya masu barin daji a tsaye don rage ɗumamar yanayi. Kuɗin bai iso ƙauyuka yadda aka zata ba, kason da suke samu daga katako na halal ya yanke, sara kuma ta koma ta ɓoye. A 2023 aka ɗage hanin. Tsakanin nan, a 2015, gwamna Ben Ayade ya fito da shirin babbar hanya mai kilomita 260 daga gaɓar teku zuwa iyakar Binuwai, shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar. A farkon 2016 jihar ta sanar da ƙwace ƙasa kilomita 10 a kowane gefen hanyar, faɗin kilomita 20 ke nan, wanda ya haɗa da dazuzzukan ƙauyuka fiye da 180. Kowa ya yi tambayar da ta dace: wace irin hanya ce ke buƙatar wannan faɗi, in ba katakon ake so ba? Bayan zanga-zanga da ƙorafi daga ciki da waje aka janye sanarwar a 2017, amma an riga an share daji a wasu wurare, hanyar kuma ba ta tabbata ba.

Waɗanda suka tsaya a gaban motocin rusau ɗin sun cancanci a san su. Mutanen Ekuri ne, ƙauyuka biyu a gefen Oban masu dajin kansu na hekta 33,600, waɗanda tun farkon shekarun 1990 suka ƙi sayar wa kamfanonin katako, suka tsara yadda za su riƙa amfani da shi, har suka sami lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004. Ba wata ƙungiya da ta biya su don su yi faɗa. Sun yi ne saboda suna ganin dajin nasu ne. Haka a duwatsun Mbe, inda ƙauyuka tara suka haɗa ƙungiya suka keɓe tsakiyar dutsen, ƙungiyar kare namun daji ta WCS tana biyan albashin masu gadi 'yan ƙauyukan, wasunsu tsofaffin maharba ne da suka san kowane kwazazzabo. A nan ne na'urar ɗaukar hoto da aka ɗaure a jikin bishiya ta kama garken goggon biri da jarirai a bayan iyayensu, hotunan da suka zaga duniya a Yulin 2020. Abin da Ekuri da Mbe suka haɗa ba ɓoyayye ba ne: an san mai dajin, an san iyakarsa, wanda ke gadi yana karɓar kuɗinsa a kan kari, wanda ya karya doka kuma zai fuskanci dattawan garinsu, ba baƙon alƙali a Kalaba ba. Ba na cewa wuraren nan aljanna ce. Ana rigimar iyaka tsakanin ƙauyuka, ana samun shugaban da ya karɓi na goro daga masu katako, kuma idan mai ba da albashi ya janye ba a san abin da zai biyo baya ba.

Kafin 2016 an fara ɗan abin kirki a kan iyakar kanta. Masu gadin Okwangwo da na Takamanda sun riƙa yin sintiri tare, shugabanninsu suna ganawa, ana musayar bayanai a kan maharban da aka sani. Sai rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya ɓarke. Mamfe da Akwaya da Eyumojock suna cikin wuraren da aka fi gwabzawa daga ƙarshen 2017. Mai gadin daji ma'aikacin gwamnati ne mai kaki, don haka 'yan aware suna kallonsa a matsayin abokin gaba, da yawa suka bar wuraren aikinsu. Mayaƙa da fararen hula masu gudun ceton rai suka shiga kurmi, kuma wanda ke ɓoye a daji naman daji zai ci. Dubun-dubatar 'yan gudun hijira suka kwararo Najeriya, wasu aka kai su sansanoni irin Adagom a Ogoja, wasu da yawa suka zauna a ƙauyukan 'yan uwansu da ke bakin gandu, inda suke buƙatar gona da itacen girki kamar kowa. Bindigogi suka yawaita. Yarjejeniyar 2024 an sa mata hannu ne alhali ɗaya daga cikin masu sa hannun ba ta da cikakken iko da nata ɓangaren dajin.

Masu goyon bayan haɗa kai sukan kawo misali biyu. Na farko shi ne yankin kogin Sangha, inda Lobeke ta Kamaru da Dzanga-Ndoki ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Nouabale-Ndoki ta Kwango suka haɗu. Ƙasashen uku sun ƙulla yarjejeniya a 2000, suna da rundunar gadi ta haɗin gwiwa, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2012. Abin koyi a can shi ne asusun amana da aka kafa a 2007, wanda ake juya uwar kuɗinsa ana biyan ayyuka da ribar, don kada albashin mai gadi ya dogara da aikin shekara uku da zai ƙare ko kuma da fushin wata ƙasar Turai, kamar yadda ya faru a Oban. Amma Sangha tana da nata tabon. A Mayun 2013, bayan gwamnatin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta faɗi, 'yan bindiga sun shiga Dzanga sun kashe giwaye 26. Mutanen Baka, mazauna kurmin na asali, sun daɗe suna kukan duka da cin zarafi daga masu gadi a yankin, har WWF ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Navi Pillay, tsohuwar shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ba da rahoto a 2020. Rundunar haɗin gwiwa da ba ta da mai tsawata mata, ƙarin bulala ce kawai a bayan talaka.

Misali na biyu shi ne goggon birin duwatsun Virunga da Bwindi tsakanin Ruwanda da Yuganda da Kwango, wanda yawansa ya haura 1,000 bayan an taɓa fid da rai. A Ruwanda baƙo yana biyan dala 1,500 don ya yi sa'a ɗaya yana kallonsu, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandu kuma yana komawa ga ƙauyuka. Duk ɗan siyasar da ya ji wannan adadi sai idonsa ya buɗe. Sai dai na Kuros Riba ba haka yake ba. Shekarun farauta sun koya masa gudun mutum, masu gadin da suka shekara goma a dajin ma ba kasafai suke ganinsa ba, sai dai shimfiɗar da ya kwana da kashinsa. Sabar da shi da mutane a wurin da har yanzu ake yawo da bindiga daidai yake da miƙa shi ga maharbi, ga kuma hatsarin cutar da ɗan Adam zai iya sa wa dabbar da ba ta kai 300 ba. Duk wanda ya je Okwa ya ce musu masu yawon buɗe ido na tafe da daloli, yana maimaita abin da aka yi a 1990 ne.

UNESCO ta amince da Oban da Okwangwo a matsayin wuraren kare halittu na musamman a 2020, a zama ɗaya da dausayin Haɗeja da Nguru da Bade, kuma ana neman a sa Kuros Riba da Korup da Takamanda cikin kayan tarihin duniya a matsayin wuri guda. Suna ne mai kyau, yana kuma taimakawa wajen neman kuɗi. Amma abubuwan da za su sa yarjejeniyar Abuja ta yi aiki ƙanana ne, marasa daɗin faɗa a taron manema labarai. Ko mai gadin Najeriya zai iya bin ɓarawon katako kilomita nawa cikin Kamaru, da makami ko babu? Idan an kama shi, kotun wace ƙasa, da dokar wa? Ko jami'in kwastan da ke gadar Mfum da Ekok, wadda aka buɗe a Nuwamban 2022 a kan babban titin Enugu zuwa Bamenda, yana iya bambance ɓawon dankunya da busasshen kifi a cikin buhu, kuma akwai wanda zai tambaye shi idan ya kau da kai? Wa zai zauna a kwamitin haɗin gwiwa a madadin Ekuri da Mbe da Obonyi, ko kuwa daraktoci ne kawai daga Abuja da Yawunde? Gwamnatin jihar Kuros Riba, wadda ita ke riƙe da dajin da ke tsakanin gandu da gandu kuma ita ke ba da izinin sara, ba ita ta sa hannu a takardar ba.

Sai kuma ƙauyukan cikin gandu, waɗanda kowace gwamnati ke turawa ga mai zuwa. Zaɓin bai wuce uku ba. A tashe su da yardarsu, da diyya ta gaske da ƙasar noma da aka riga aka mallaka musu, wanda ke buƙatar kuɗin da ba a taɓa warewa ba. Ko a amince suna nan daram, a shata musu iyakar gona a rubuce, a ba su haƙƙin ɗiban ogbono da afang, a kawo musu asibiti da makaranta a inda suke, da hanyar babur mai shinge da mai gadi a bakinta. Ko a ci gaba da yin shiru, wanda shi ake yi tun 1991, gonakin koko kuma suna ƙara matsawa cikin dajin da ke tsakanin garken arewa da na kudu a kowace damina. Na biyun ne nake ganin zai yiwu, kuma a Korup an fara gwada irinsa da wasu ƙauyuka kafin yaƙi ya katse aikin.